Bayani kan sauya famfon mai a ƙarin tankin motocin shiga hamada

Famfon mai wata 'yar ƙaramar na'ura ce da tsawonta bai wuce tafin hannu ba, to amma idan ta tsaya, mota komai ƙarfinta ba ta motsawa.

A cikin gari wannan matsala ce ta ɓata lokaci da biyan kuɗin makaniki. A hamada kuwa, inda akan shafe yini guda ba a gamu da rijiya ko gidan mai ba, lalacewar mota kan zama batu na mutuwa ko rayuwa.

A watan Oktoban 2013 an gano gawarwakin mutane 92, akasarinsu mata da yara, a arewacin Arlit kusa da iyakar Nijar da Aljeriya, bayan da motoci biyu da ke ɗauke da su suka lalace. A shekarar 2017 ma, mutane aƙalla 44 ƙishirwa ta kashe tsakanin Agadez da Dirkou, bayan motarsu ta mutu a hanya.

Dalilan da ke sa mota ta mutu suna da yawa, amma hanyar da mai ke bi daga tanki zuwa inji tana cikin wuraren da zafi da ƙura da girgiza suka fi galabaitarwa, musamman idan tankin ba shi ne wanda kamfani ya ƙera motar da shi ba.

Dalilin ƙara tanki

Motoci masu ja da ƙafa huɗu, waɗanda a Nijar ake kira kat-kat, suna shan mai sosai a cikin rairayi fiye da kan kwalta, saboda inji yana aiki da ƙarfi a ƙaramar giya na tsawon sa'o'i.

Mota ƙirar Hilux ta zamani tana zuwa da tanki mai ɗaukar lita 80. Wannan ya wadatar tsakanin garuruwa, amma ba ya isa ga doguwar tafiya a Tenere, ko kuma a hanyar Canning da ke yammacin Ostireliya, mai tsawon kimanin kilomita 1,850, wadda wuraren sayen mai a kanta ba su taka kara sun karya ba.

Kamfanin Toyota kansa ya yi la'akari da haka, inda yake sayar da wasu samfurorin Land Cruiser 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, da tankuna biyu masu ɗaukar lita 90 kowanne.

Ga sauran motoci kuwa, akwai kamfanoni masu zaman kansu, musamman a Ostireliya da Afirka ta Kudu da Amurka, da ke ƙera tankunan da ake ɗaura wa mota bayan ta fito daga masana'anta.

Waɗannan tankuna iri biyu ne. Akwai babban tanki da ke maye gurbin na asali baki ɗaya, akwai kuma tanki na biyu da ake ɗaurawa a wani gurbi, sau da yawa a wurin safayar taya, wanda ke juye mansa zuwa tankin asali.

Ana ƙera su da ƙarfe mai rufin alminiyam, ko alminiyam zalla, ko kuma roba mai kauri. A cikinsu akwai shingaye da ke hana mai kai-da-komo da ƙarfi idan mota na hawa da sauka.

Yadda famfon ke aiki

Tsofaffin motocin fetur masu kafireta suna da famfo a jikin inji, wanda injin ne ke motsa shi, kuma matsin da yake bayarwa bai kai rabin bar ɗaya ba.

Abubuwa sun fara sauyawa ne bayan 1967, lokacin da kamfanin Bosch na Jamus ya fito da tsarin fesa mai da lantarki ke sarrafawa a motocin Volkswagen. Irin wannan tsari yana buƙatar matsi mai yawa, galibi tsakanin bar 3 zuwa 4, don haka aka koma amfani da famfon lantarki, daga baya kuma aka mayar da shi cikin tanki.

Famfon ƙaramin moto ne mai aiki da wutar batir ta volt 12, yana juya wata 'yar farfela da ke tura mai zuwa inji. Man yana ratsawa ta cikin moton kansa, kuma shi ne ke sanyaya shi, yana kuma rage gogayya tsakanin sassansa.

Akan yi mamakin yadda na'urar lantarki ke aiki cikin fetur ba tare da tayar da wuta ba. Dalili shi ne tururin fetur ba ya kamawa sai ya gauraya da iska a wani ma'auni, wato kimanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari. A cikin rufaffen tanki tururin ya wuce wannan ma'auni, iska ta yi kaɗan.

Famfon ba shi kaɗai yake zaune ba. Yana cikin wani gida da ya ƙunshi rariyar da ke tace datti a bakinsa, da bawul mai hana mai komawa baya, da kuma wani sanda mai tulluwa a bakinsa, wanda ke hawa da sauka tare da mai yana aika wa geji saƙo.

Bambancin fetur da gas

Kafin a fara neman famfo a cikin tanki, ya kamata a tabbatar akwai shi.

Da yawa daga cikin motocin gas, kamar Land Cruiser mai injin 1HZ na lita 4.2 da ya fito a 1990, ba su da famfon lantarki a babban tankinsu. Famfon da ke jikin inji shi ne ke zuƙo man da kansa, sai kuma ɗan famfon hannu a kan filta da ake dannawa don fitar da iska.

A irin waɗannan motoci, famfon lantarkin da ake samu galibi na juye mai ne daga tanki na biyu zuwa na farko. Matsinsa kaɗan ne, kuma sau da yawa a wajen tanki ake ɗaura shi, a jikin shasi, abin da ke sa sauya shi ya fi sauƙi.

Sabbin injinan gas masu tsarin bututun bai-ɗaya, waɗanda suka fara shiga ƙananan motoci a 1997, suna aiki da matsin da ke kaiwa bar 1,600 zuwa fiye da 2,000. Wasu suna da famfo a tanki, wasu ba su da shi, amma dukkansu ba sa jure datti ko ruwa ko kaɗan.

Abin da ke kashe famfo

Babban abokin gabar famfo shi ne datti. Inda ake sayen mai daga jarka ko duro a hannun 'yan bumburutu, ƙura da tsatsa da ruwa kan bi mai su shiga tanki, su toshe rariya, famfon ya riƙa wahala har ya ƙone.

Gurɓataccen mai ma yana da nasa. A watan Fabrairun 2022 hukumomin Najeriya sun tabbatar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin methanol fiye da kima, kuma masu motoci da dama sun koka da lalacewar injuna. Wannan sinadari yana cin wasu nau'o'in roba da ƙarfe da ke hanyar mai.

Na uku shi ne tafiya da tanki kusan wayam. A babban tanki mai faɗin ciki, lita 15 ba ta da zurfi, kuma da zarar mota ta karkata a kan tudun rairayi sai man ya gudu gefe guda, famfon ya shaƙi iska. Duk lokacin da haka ta faru yana aiki ne ba tare da abin da ke sanyaya shi ba.

Akwai kuma matsalar wuta. Waya mai tsatsa ko sako-sako tana rage wutar da ke isa famfo, ta kuma yi zafi a mahaɗa.

Wani lokacin kuma laifin daga masana'anta ne. A 2020 kamfanin Toyota ya yi kiran a dawo da miliyoyin motoci a faɗin duniya saboda wani famfo na kamfanin Denso da farfelarsa ke kumbura ta cije.

Bincike kafin a sauke tanki

Famfon da ya fara gajiya kan nuna alamu. Mota takan daɗe kafin ta tashi, ta rasa ƙarfi a hawan tudu ko idan an taka totur, ko ta mutu idan rana ta take sannan ta tashi bayan ta huce. Wani lokaci kuma akan ji kuka mai tsini daga wajen tanki.

Sai dai waɗannan alamu ba famfo kaɗai ke haddasa su ba, kuma sauke babban tanki aiki ne na sa'o'i. Don haka ana fara bincike ne daga abu mafi sauƙi.

Da farko a duba fis da rile na famfon, da kuma wayar da ta haɗa shi da jikin mota. Sannan a duba filtar mai da ke waje, idan akwai.

A yawancin motoci famfon kan yi ƙara ta daƙiƙa biyu ko uku da zarar an murɗa makulli. Amma wasu tsofaffin motocin Toyota ba sa kunna shi sai an buga inji, don haka rashin jin ƙarar ba hujja ba ce a kansu.

Abu na gaba shi ne bututun numfashin tanki. Yayin da mai ke raguwa dole iska ta shiga ta cike gurbinsa, kuma idan laka ko gidan zanzaro ya toshe wannan bututu, famfon zai riƙa ja da kyar. Idan aka buɗe murfin tanki aka ji ya shaƙi iska da ƙarfi, mota kuma ta warware, to akwai alamar laifin ba na famfo ba ne.

Tabbataccen gwaji shi ne a ɗaura ma'aunin matsi a bututun mai, a kwatanta abin da ya nuna da abin da littafin motar ya ƙayyade, a kuma auna wutar da ke isa famfon yayin da yake aiki. Idan wuta tana isa daidai amma matsi ya yi ƙasa, kuma filta ba ta toshe ba, to famfon ne.

Zaɓen sabon famfo

A nan ne tankin da aka ƙara ya bambanta da na asali.

Yawancin masu ƙera manyan tankuna suna tsara su ne ta yadda za a ciro gidan famfon motar na asali a mayar cikin sabon tankin. Amma da yake sabon ya fi zurfi, sau da yawa akan ƙara wa bututun zuƙo mai tsawo, a kuma sauya ko a lanƙwasa sandan geji.

Wanda ya sayo cikakken gidan famfo na asali ya saka ba tare da maimaita wannan gyara ba, zai tarar da bakin famfon bai kai ƙasa ba. Mota za ta mutu alhali da sauran mai da yawa a tanki, geji kuma ya riƙa faɗin abin da ba haka ba.

Saboda haka ya fi dacewa a ciro tsohon tukuna, a auna zurfin tankin, a gwada tsawon biyun gefe da gefe. A lokuta da dama moton famfon da rariyarsa kawai ake sauyawa, a bar gidan yadda yake.

Dole ne matsin sabon famfon da yawan man da yake turawa su dace da injin. Famfon da ya fi ƙarfin buƙata ba alheri ba ne: yana jan wuta fiye da abin da wayoyin za su ɗauka, yana zafafa mai, yana kuma iya rinjayar bawul ɗin da ke daidaita matsi.

Haka kuma tiyon da ke cikin tanki na musamman ne. Tiyon mai na yau da kullum an yi shi ne don mai ya bi ta cikinsa kawai, idan aka nutsar da shi bayansa kan kumbura ya ruɓe. Wanda ya dace da nutsewa shi ne mai lambar SAE J30R10.

Kayan gwanjo da jabu suna da araha, amma ga motar da za ta yi nisa da gari, araha ba ta ado.

Hatsarin wuta

Fetur yana fitar da tururin da ke iya kamawa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Tururin ya fi iska nauyi, don haka yakan kwanta a ƙasa, ya taru a ramin gareji, ya kuma yi tafiya har ya iske garwashi ko sigari a nesa.

Da zarar an buɗe tanki iska ta shiga, kariyar da aka ambata a baya ta kau. Tankin da aka juye ya fi cikakke hatsarin fashewa, shi ya sa ba a kusantar da walda ko injin yankan ƙarfe gare shi.

Ana yin aikin ne a fili ko inda iska ke kaɗawa, inji a sanyaye, ba janareta ko murhu a kusa, da tukunyar kashe gobara mai hoda a gefe. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, sai dai ya yaɗa ta.

Zuƙo mai da baki ta tiyo, kamar yadda aka saba gani, yana da mugun hatsari, domin ɗan kaɗan idan ya shiga huhu yana haddasa kumburi mai tsanani.

Matakan aikin

Mataki na farko shi ne rage matsin da ke cikin bututu. Akan cire fis ɗin famfon, a tayar da inji a bar shi ya mutu da kansa, sannan a cire wayar batir ta ɓangaren da ke haɗe da jikin mota.

Daga nan sai a juye man cikin jarkunan da suka dace, ta magudanar da ke ƙasan tankin idan akwai, ko da famfon hannu. Litar fetur ɗaya tana da nauyin kimanin giram 740, ta gas kuma kimanin 830, wato lita 150 ta haura kilo 100 ban da nauyin tankin kansa.

Wasu motoci suna da ƙaramar ƙofa a ƙarƙashin kujerar baya ko a daɓen bayan mota, wadda ta nan ake isa ga famfon. Sai dai babban tanki kan sauya wurin da bakin yake, ya daina daidaita da ƙofar. Idan haka ne, babu makawa sai an sauke tankin.

Ana tokare motar da ƙafafun ƙarfe a kan ƙasa mai tauri, ba a dogara da jak shi kaɗai. Sai a tallafi tankin da jak da faffaɗan katako, a kwance notinan, a sauke shi kaɗan yadda hannu zai shiga, sannan a cire tiyon zuba mai, da na numfashi, da bututun zuwa inji da na dawowa, da soket ɗin waya. Yana da kyau a yi wa kowanne alama, domin musanya bututun zuwa da na dawowa yana hana mota tashi.

Kafin a buɗe bakin, a wanke kewayensa sosai. Saman tankin motar daji matattarar laka ce da rairayi, kuma duk abin da ya faɗa ciki zai ƙare a sabuwar rariya.

Wasu tankunan zobe ne ke riƙe gidan famfon, wasu kuma jerin ƙananan notina. Idan zobe ne na ƙarfe, ana bugunsa da sandan tagulla ko katako, ba da ƙarfe ba, don gudun tartsatsi. A lura da inda gidan ya fuskanta, sannan a zaro shi a hankali a karkace don kada sandan geji ya lanƙwashe.

Sai a haska cikin tankin da tocilar batir daga waje. Idan akwai tsatsa, ko ruwa, ko laka a ƙasa, a tsaftace shi, idan ba haka ba sabon famfon zai bi sawun tsohon.

Wajen haɗa sabon, a tabbatar wayoyin biyu ba su juya ba, domin idan sun juya moton zai yi baya. A sa sabuwar rariya, a ɗaure tiyo da maɗauran da suka dace da matsi, a kuma tabbatar babu wayar da ke gogar ƙarfe. Rariyar ta sauka daf da ƙasan tanki, a cikin ɗan akushin da aka tanada don tara mai, ba tare da ta danne ba, sandan geji kuma ya yi hawa da sauka ba tare da taɓa shinge ba.

Robar bakin tanki sabuwa ake sawa a koyaushe, kuma ba a maye gurbinta da gam, saboda fetur yana narkar da galibin irinsa. Notina kuwa ana ɗaure su ne kaɗan-kaɗan, ɗaya sannan na daura da shi, har su zauna daidai.

Gwaji

Kafin a ɗaure tankin gaba ɗaya, a zuba mai lita 20 ko makamancin haka, a mayar da fis da batir, a kunna famfon sau biyu ko uku don bututu ya cika, sannan a duba kowace mahaɗa ko tana ɗiga. A motar gas sai an fitar da iska daga bututun tukuna.

Bayan inji ya tashi a sake auna matsi. Ranar da aka fara cika tankin maƙil, a sake duba samansa, domin yoyon robar baki ba ya bayyana sai mai ya kai can.

Gejin babban tanki kan daɗe a kan cikakke kafin ya fara sauka, saboda an tsara shi ne don tanki ƙarami. Direban da ya san aikinsa yakan rubuta yawan litar da ya zuba da kilomitan da ya ci, don ya san ainihin abin da allurar ke nufi.

Tanadin tafiya

Ba a shiga hamada da famfon da aka sa jiya. Ana ba shi kwanaki yana aiki a kusa da gari, domin idan akwai kuskure a wajen haɗawa, a farkon kwanaki yake fitowa.

Masu doguwar tafiya kan ɗauki safayar famfo, da filta, da rile, da fis, da ɗan tiyo da maɗauransa. Idan tsohon famfon bai mutu gaba ɗaya ba, shi ma akan ajiye shi don ko-ta-kwana.

Tace mai da mazurari mai rariya a duk lokacin da aka saya daga jarka, da kuma ƙin barin tanki ya yi ƙasa da rubu'i, suna ƙara wa famfo kwana fiye da kowace dabara.

Duk da haka, babu na'urar da ba ta mutuwa. Shi ya sa direbobin Sahara suke tafiya cikin ayari, da ruwan da ya fi na kwanakin tafiyar, bayan sun shaida wa na gida hanyar da za su bi da ranar da ake sa ran isarsu.